Idan A Court of Thorns and Roses bai gamsar da kai ba: ka ci gaba da jerin, ko ka koma wani littafin aljanu?

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a bakin masu karatu da yawa. An cika musu kunne da yabon littafin Sarah J. Maas a TikTok da Instagram, sun saya, sun ci shafi ɗari biyu, ba su ga abin da ake zuzutawa ba. Da sun yi magana sai a ce musu su daure, ai na biyun ne littafin. Wannan shawara tana da tsada, domin na biyun ya haura shafi 600, kuma ƙarshensa a buɗe yake, sai ka ɗauki na uku mai shafi kusan 700 kafin ka san yadda ta kaya. Wato duk wanda ya ce maka "ƙara ɗaya kawai", shafi 1,300 yake ɗora maka.

Shawarar tana yi wa wasu amfani, wasu kuma asarar kuɗi da lokaci kawai take jawo musu. Abin da ke raba su shi ne ainihin abin da ya ɓata musu rai a littafin farko. Zan taɓo sirrin labarin a wasu wurare, don ba yadda za a auna shi ba tare da haka ba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuɗi da lokaci: littafi nawa ne, shafi nawa. Na biyu, labarin ya kammala ko har yanzu jira ake yi. Na uku nauyin Turancin, tunda duk waɗannan littattafai da Turanci aka rubuta su. Na huɗu yawan batsa da tashin hankali, abin da bangon littafi ba ya faɗa. Na biyar ƙarko: in ka sake karantawa bayan shekara, labarin zai ƙara daɗi ko ɗinkinsa zai fara warwarewa? Na shida shi ne wanda ya fi raba littattafan nan, wato su kansu aljanun. A tatsuniyoyin Ailan da Sikotland, inda aka ɗebo su, halittu ne masu doka: ƙarfe yana ƙona su, alkawari yana ɗaure su, wanda ya ci abincinsu ya shiga hannunsu, suna sace jariri su ajiye nasu a madadinsa. Marubucin da ya riƙe waɗannan dokoki, labarinsa yana samun ƙashi. Wanda ya watsar da su, abin da ya rage masa kyawawan maza ne masu dogon kunne da fuka-fuki.

Zaɓi na ɗaya: ci gaba da jerin Maas

Kamfanin Bloomsbury ne ya buga jerin. Na farko ya fito a 2015, A Court of Mist and Fury a 2016, A Court of Wings and Ruin a 2017, sai ɗan ƙaramin A Court of Frost and Starlight a 2018, sannan A Court of Silver Flames a 2021. Jimillarsu shafi kusan 2,700. A Amurka farashin da ake bugawa a bayan kowane ɗaya mai bango mai laushi bai cika kai dala 20 ba, don haka biyar ɗin suna tasar wa dala 90 zuwa 100, ban da kuɗin kawowa. Littattafai biyar ɗin ba su rufe labarin ba, akwai zaren da aka bari a sake.

Matsalar littafin farko a tsarinsa take. Feyre, budurwa 'yar shekara 19 mai ciyar da gidansu da farauta, ta kashe kyarkeci wanda ashe aljani ne, sai aka ɗauke ta zuwa ƙasar Prythian mai fadoji bakwai. Kusan kashi biyu cikin uku na littafin tana zaune a gidan Tamlin, sarkin ɗaya daga cikin fadojin wanda ya ɗauke ta, tana zane, tana yawo a lambu, ana ɓoye mata komai. Sirrin tsinuwar shekara 49 da ta maƙala wa mutanen fadar takunkumin fuska, ba Feyre ce ta gano shi da dabararta ba. Wata 'yar aikin gidan mai suna Alis ce ta zaunar da ita ta karanto mata shi a dogon jawabi guda. Sai a kashi na ƙarshe, a kogon sarauniya Amarantha, labarin ya ɗauki wuta da jarrabawa uku da kacici-kacici ɗaya, wanda masu karatu da yawa suke cankar amsarsa tun a karon farko.

Idan jinkirin nan ne ya gundure ka, ko kuwa Tamlin ne bai kwanta maka ba, to na biyun zai biya ka. Ya fi sauri, ya fi faɗi, ya buɗe birnin Velaris da Fadar Dare, kuma ya ɗauki raunin zuciyar Feyre da muhimmanci: mafarkan tsoro, amai cikin dare, rama, da Tamlin, mijin da za ta aura, yana kulle ta a gida da sunan kariya. Wannan sashe an rubuta shi da gaskiya, kuma shi ne dalilin da ya sa mata da yawa suka riƙe littafin a zuciya. Juyin yana zuwa ne a kusan kashi ɗaya cikin biyar na farkon littafin. Ka ari na wani ka karanta zuwa shafi 150. In har lokacin bai kama ka ba, ragowar ba za ta kama ka ba.

Amma akwai ƙorafe-ƙorafen da na biyu ba ya warkarwa, sai ma ƙara su da yake yi. Tun a littafin farko aka shaida wa Feyre cewa aljanun Prythian suna iya ƙarya, ƙarfe kuma ba ya yi musu komai, itacen ash ne kawai yake cutar da su. Daga nan sun tashi daga halittu masu ban tsoro sun koma sarakuna da mayaƙa masu ƙarfin sihiri. Akwai kuma igiyar ƙaddara da ke haɗa namiji da abokiyar rayuwarsa, wadda take yanke hukuncin soyayya tun kafin mutanen biyu su yanke da kansu. Ga kuma yadda aka wanke Rhysand, sarkin Fadar Dare, wanda Feyre ta koma so daga baya. A littafin farko ya shayar da Feyre giyar aljanu ya sa ta rawa a gaban jama'a, ya murɗe mata karyayyen hannu don ta amince da yarjejeniyarsa. A na biyu duk an mayar da wannan dabarar ceton ta, shi kuwa Tamlin aka baƙanta shi baki ɗaya don ɗayan ya haska. A na uku an yi babban yaƙi da sarkin Hybern, manyan jarumai suna mutuwa suna dawowa, har mai karatu ya daina jin tsoro a madadinsu. Na huɗu, mai shafi kusan 230, yawancinsa shirin biki ne da sayen kyaututtuka. A na biyar, wanda ya koma kan Nesta yayar Feyre, Rhysand, mijin da aka yi ta yabo a kan yana bar wa matarsa Feyre zaɓi, shi ne ya ɓoye mata cewa cikin da take ɗauke da shi yana iya kashe ta. Wannan ya ɓata wa masoya jerin da dama rai, kuma suna da gaskiya.

Turancinsa mai sauƙi ne, shi ne babban alherinsa, ko da yake akwai kalmomi da siffofin da ake nanatawa har su ishi mutum. Batun batsa kuma a faɗe shi a fili. An fara tallata jerin a matsayin na matasa, daga baya a 2020 aka sake masa bango aka mayar da shi sashen manya. Na farko yana da wurare kaɗan, na biyu ya fi shi sosai, na biyar kuwa bayani ne dalla-dalla, babi bayan babi. Ba littafin da za a ajiye inda ƙanwa 'yar sakandare za ta ɗauka ba ne. Wanda ya ƙudura ci gaba, wurin tsayawa mai kyau shi ne ƙarshen na uku, inda yaƙin ya ƙare.

Zaɓi na biyu: The Cruel Prince na Holly Black

Littafi uku ne: The Cruel Prince a 2018, The Wicked King da The Queen of Nothing duka a 2019. Gaba ɗaya shafi kusan 1,000, wato bai kai rabin jerin Maas ba, kuma labarin ya kammala. An ƙara wasu biyu a 2023 da 2024 a kan ƙanen jarumar, amma ba dole ba ne a karanta su. Da yake a sashen matasa ake sayar da shi, yawanci ya fi araha.

A nan dokokin suna aiki, kuma su ne injin labarin. Aljanun Elfhame ba sa iya furta ƙarya, don haka yaudararsu a cikin zaɓen kalma take. Jude kuwa, jarumar labarin, mutum ce, tana iya ƙarya, kuma wannan ne makaminta a fadar da kowa ya fi ta ƙarfi da kyau da tsawon rai. Tana barbaɗa gishiri a abincinta don karya sihiri, tana rataya 'ya'yan itacen rowan a wuya don kada a juya mata hankali, tana lasar guba kaɗan-kaɗan don jikinta ya saba. Madoc, janar ɗin da ya kashe iyayenta a gaban idonta tana 'yar shekara bakwai, shi ne ya rene ta, ya koya mata takobi da dabarun yaƙi, kuma tana ƙaunarsa tana tsoronsa a lokaci guda. Wannan dangantakar ta fi duk wata soyayya da ke littafin nauyi.

Ta fuskar ƙarko ya fi sauran jerin da ke nan. Ƙarshen littafi na biyu ya rataya ne a kan lafazin wani hukunci da sarki ya yanke. Wanda ya koma ya sake karanta jimlar zai ga an bar ƙofa a cikinta tun farko, marubuciyar ba ta yi masa maguɗi ba.

Haɗarinsa biyu ne. Wanda soyayya ta kawo shi zai ji yunwa, domin siyasar fada da leƙen asiri sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma a littafin farko Yarima Cardan azzalumi ne kawai, yana cin zalin Jude a makaranta. Wasu ba sa iya yafe masa ko bayan an nuna dalilinsa. Na biyu, akwai jini: kisa a wurin naɗin sarauta, tilasta wa yarinya cin 'ya'yan itacen da ke gusar da hankali. Kusantar juna tana nan, amma marubuciyar tana jan labule. Littafi na uku ya ɗan yi gaggawa, ana jin kamar an matse shi.

Zaɓi na uku: Emily Wilde's Encyclopaedia of Faeries na Heather Fawcett

Ya fito a 2023, na biyu a 2024, na uku a 2025, kowanne shafi ɗari uku da ɗoriya. Na farkon yana iya tsayawa shi kaɗai, don haka kasadar kuɗi kaɗan ce.

Emily malama ce a Jami'ar Kambirij, masaniyar aljanu, ta tafi wani ƙauye mai suna Hrafnsvik a ƙirƙirarriyar ƙasar Ljosland mai tsananin sanyi a 1909 don kammala kundinta. Littafin kundin rubutunta na yau da kullum ne, har da ƙarin bayani a ƙasan shafi. Ta san aljanu ciki da bai, mutane ne ba ta iya zama da su ba. Da isarta ta ɓata wa shugabar ƙauyen rai don ta nace sai ta biya kuɗin abincin da aka karrama ta da shi, kuma ta daɗe ba ta gane laifinta ba. Abokin aikinta Wendell Bambleby, malalaci mai son ado da ɗinki, shi ne ɓangaren soyayyar, kuma tana tafiya a hankali cikin zolaya da gardamar ilimi.

Aljanun nan na asali ne: ɗan musanya da aka ajiye a gidan wasu ma'aurata yana azabtar da su, kasuwar aljanu a cikin ƙanƙara, sarki da aka ɗaure a cikin bishiya. Emily tana tsira ne saboda ta haddace yadda tatsuniyoyi suke tafiya. Babu batsa. Abin lura shi ne Turancin ya fi na biyun farko nauyi, salon malaman da ne, kuma tafiyar a sannu take. Wanda jinkirin littafin Maas na farko ya kora, wannan ma yana iya korarsa, sai dai a nan jinkirin cike yake da abin koyo game da duniyar.

Zaɓi na huɗu: Spinning Silver na Naomi Novik

Littafi ɗaya tal, 2018, shafi kusan 470, ya ci kyautar Locus a 2019. A ganina shi ya fi duka ingancin rubutu.

Miryem 'yar Bayahude mai ba da bashi ce a ƙasar Lithvas. Mahaifinta yana bayarwa amma kunya ba ta barinsa karɓowa, har talauci ya kwantar da mahaifiyarta, sai ta ɗauki littafin lissafi ta bi gida-gida. Da aka fara cewa tana mayar da azurfa zinariya, sai sarkin Staryk, mutanen ƙanƙara, ya ɗauki maganar a zahirinta ya kawo mata tsabar azurfa shida, sannan sittin, sannan ɗari shida. Ba ta da sihiri. Ta kai wa maƙerin ado a birni ya ƙera zobe, sannan sarƙa, sannan kambi, aka sayar wa mai sarauta da zinariya. Duk wanda ya tashi a gidan 'yan kasuwa zai ji daɗin wannan sashe. A wurin Staryk kyauta cin mutunci ce, komai sai da ciniki, ba sa faɗin sunansu, kuma Miryem, wadda sarkin ya aura ya tafi da ita ƙasarsu, tana karɓar haƙƙinta na aure a matsayin amsar tambaya uku kowane dare. Ko a ƙasarsu ba ta yar da addininta ba, tana kiyaye ranar Asabar.

Wahalarsa ita ce masu ba da labarin suna da yawa, har shida, kowa yana cewa "ni", kuma ba a rubuta suna a farkon sashe. Sai ka gane mai magana daga muryarsa. Soyayyar kuma 'yar kaɗan ce, a ƙarshe take bayyana. Babu batsa, amma akwai uba mashayi mai dukan 'ya'yansa da ƙiyayyar da ake nuna wa Yahudawa.

Wasu uku a gurguje

Half a Soul na Olivia Atwater, wanda ta fara bugawa da kanta a 2020 kafin kamfanin Orbit ya sake fitar da shi a 2022, shafi kusan 300 ne, soyayya tsaftatacciya a Landan ta farkon ƙarni na 19, da budurwar da aljani ya sace wa rabin rai. Mai sauƙi ne, ana gama shi a kwana biyu. Jonathan Strange & Mr Norrell na Susanna Clarke, 2004, wanda ya ci kyautar Hugo a 2005, yana da aljani mafi ban tsoro a cikinsu duka, amma shafi kusan 800 ne zuwa 1,000 gwargwadon bugu, Turanci mai nauyi, soyayya kusan babu. The City of Brass na S. A. Chakraborty, 2017, ya bar Turai ya koma Alƙahira ta ƙarni na 18 da birnin aljanu Daevabad. Duniyar za ta fi kusa da abin da muka sani, sai dai littafi uku ne masu kauri, kuma an saka sunan Annabi Sulaiman a cikin ƙagaggen tarihin aljanun, abin da ba kowane Musulmi zai ji daɗinsa ba.

| Zaɓi | Littafi | Shafi | Ya kammala? | Turanci | Batsa | Soyayya |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Jerin Maas | 5 | kusan 2,700 | a'a | mai sauƙi | da yawa | ita ce jigo |
| The Cruel Prince | 3 | kusan 1,000 | e | mai sauƙi | kaɗan, a lulluɓe | kaɗan |
| Emily Wilde | 3 | kusan 1,000 | na farko yana tsayawa shi kaɗai | matsakaici zuwa mai nauyi | babu | a hankali |
| Spinning Silver | 1 | kusan 470 | e | matsakaici | babu | ƙalilan |
| Half a Soul | 1 | kusan 300 | e | mai sauƙi | babu | ita ce jigo |
| Jonathan Strange | 1 | 800 zuwa 1,000 | e | mai nauyi | babu | kusan babu |

Kafin ka fitar da kuɗi

Manhajar Kindle tana ba da farkon kusan kowane littafi kyauta, kuma tana aiki a waya, ba sai kana da na'urar ba. Babi biyu ko uku sun isa ka gane ko Turancin ya yi maka. Kada ka sayi kwalin littafi biyar a kan yabon wasu, ko da ya fi araha a lissafin ɗaya-ɗaya, don arahar ta tashi a banza in uku za su zauna a kanta ba a buɗe ba. Littattafan da suka yi suna irin na Maas su aka fi bugawa na jabu. Ka duba taswirar da ke farkon littafin: in ta dushe, ko tawadar wani shafi tana leƙowa a bayansa, ko gam ɗin ƙashin bayan ya yi ƙwari yana ƙara in an buɗe, to jabu ne, kuma mai shafi 700 irin wannan ba ya kai ƙarshen karatu ɗaya bai rabe biyu ba. Kwafin da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp da Telegram sau da yawa babi yana ɓacewa a cikinsu, kuma marubuciyar ba ta samun ko sisi. Mai son saurare ya san cewa na farkon Maas kaɗai awa 16 ne, manyan kuma sun haura awa 20 kowanne.

Wanne ne naka

Idan soyayya mai zafi kake nema, jinkiri da Tamlin ne kawai suka dame ka, kuma bayanin shimfiɗa a fili bai hana ka karatu ba, ɗauki na biyun Maas da niyyar tsayawa a na uku. Idan haushinka shi ne aljanun ba su da haɗari kuma jarumar komai ana miƙo mata, The Cruel Prince ne naka. Idan batsar ce ta sa ka rufe littafin amma har yanzu kana son soyayya, fara da Half a Soul, in Turancinka ya zauna sosai ka wuce Emily Wilde. Idan rubutun ne ya yi maka rauni, ko kuɗin littafi ɗaya kawai gare ka, Spinning Silver. Mai saya wa 'yarsa ko ƙanwarsa 'yar ƙasa da shekara 16 ya tsaya a Half a Soul ko Emily Wilde, ya kuma karanta The Cruel Prince da kansa tukuna kafin ya miƙa mata, saboda kisan da aka buɗe littafin da shi.